Gidan Renon da Ba a Jin Kuka

Tana kan guga labarin ya same ta. A gidan wankin da take aiki ba a riƙe waya, kowa a ɗakin canja kaya yake barin tasa, don haka sai da mijinta ya zo da ƙafarsa. Shugaban ma'aikata ne ya leƙo ta tsakanin injina ya yafito ta. Ta jingine dutsen guga, ta bar zanen gado rabi a goge, ta fito tana share zufa da bakin ɗankwali.

Baban Aku yana tsaye jikin motar kamfanin da yake tuƙawa, ko kashe ta bai yi ba. Ya ƙi haɗa ido da ita.

"Shigo mu je. Yaya ta ce Aku ba ta jin daɗi."

"Me ya same ta? Zazzaɓi ne?"

"Ke dai shigo."

Da ta ga sun wuce kwanar gidan Yaya sun miƙe hanyar asibiti, sai ta daina tambaya. A can ta tarar da Yaya, yayar mijin nata, zaune a benci ta rufe fuska da gyale. Likita ya fito ya tambayi wace ce uwar yarinyar. Ya ce kafin a kawo ta rai ya riga ya yi halinsa. Sannan ya tambaya ko an ba ta wani magani yau. Maman Aku ta buɗe baki, Yaya ta riga ta.

"Ko ɗigo, likita. Barcin rana ta kwanta kamar kowane yaro. Aka zo tashinsu, ita ba ta tashi ba."

Yarinyar tana da sunanta na yanka, amma babu mai kiranta da shi. Tun kafin ta iya tafiya sosai bakinta ya buɗe, bai kuma sake rufuwa ba, shi ya sa aka sa mata Aku. Ba ta cika shekara uku ba. Tana hira da kyanwa, tana yi wa famfo faɗa in ya ƙi kawo ruwa, in ubanta ya dawo ta tare shi a ƙofa da rahoton duk abin da uwarta ta yi da wanda ba ta yi ba. Yakan ce wannan in ta girma gidan rediyo ya yi mata kaɗan.

Yaya ta raba gidan gado biyu. Baya nan take zaune, gaba kuwa ta mayar da shi gidan reno. Ɗaki uku ne: na jarirai, na masu rarrafe da tatata, sai na manya da ake koya wa waƙa da ƙirga. An zana raƙumin dawa da jirgin sama a bango, an rubuta lokacin ci da na wasa da na barci da fenti mai kyau. Iyaye mata masu fita aiki sukan kawo yara da sassafe, su miƙa su ta bakin ƙofa da 'yar jakar abinci, su ruga neman mota. Doka ɗaya ce ba a takawa: daga tsakar rana har zuwa la'asar ƙofa a kulle take, ko uwa ce ba ta shiga, wai kada a ɓata wa yara barci. Yaran sun cika ɗakunan nan taf, masu kula da su kuwa biyu ne, wata dattijuwa da ake kira Baba mai reno, sai Yaya da kanta in ta samu sarari. Duk da haka maƙwabta sukan ce in ba an gaya maka ba, ba za ka san da yara a gidan ba. Da wannan Yaya take tinƙaho. Duk baƙon da ya zo duba wurin sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Saurara. Ka ji wani kuka?"

Ita ce ta ce a kawo Aku. "Ina da gidan reno, 'yar ƙanena tana yawo hannun maƙwabta? Ku kawo ta, ba na son ko sisi." Da Maman Aku ta tambaya wane ɗaki za a sa ta, Yaya ta yi dariya. "Wane ɗaki kuma? Ai 'yar gida ce. Gaba nata, baya nata."

Da farko barci ne. Maman Aku takan ɗauko ta da yamma ta same ta lakwas, kai yana rinjayar wuya, har su isa gida ba ta ce uffan ba.

"Wasa ne ya gajiyar da ita," in ji Yaya. "Da can ita kaɗai take, yanzu ta samu 'yan uwa."

Sai ta fara tuntuɓe a fili, inda babu ko tsinke. Ta zo da ƙulu a goshi, wani bai warke ba ta ƙara wani.

"Girma ne. Ƙafa ce ta yi mata tsawo."

Ta daina cin abincin dare. In an sa mata loma sai ta riƙe a kumatu har barci ya kwashe ta.

"Haƙoran ciki ne. Ke ɗin fa haihuwar fari ce, komai sai ya ba ki tsoro."

Daga nan surutun ya tafi. Ubanta yakan shigo ya tsaya a ƙofa yana jiran rahoto, ita kuwa tana kwance a tabarma tana kallonsa da ido rabi a rufe. Maman Aku ta faɗa wa Yaya, Yaya ta tafa hannu.

"To ai sai ki gode mini. Yarinya ta fara hankali. Da can kamar an kunna injin niƙa."

Akwai kuma wani ƙamshi. Duk lokacin da Maman Aku ta sunkuya za ta goya ta, sai ta ji bakinta yana wani zaƙi-zaƙi mai hawa kai, ga wani jan tabo mai danƙo a wuyan riga wanda sabulu ba ya fitarwa da wanki ɗaya. Yaya ta ce alewa take raba musu in sun iya waƙa.

Ranar hutu kaɗai Aku take dawowa. Da safe tana nan sukuku, amma kafin yamma idon ya washe, bakin ya buɗe. Wata ranar hutun ta jera takalman gidan a bakin ƙofa, ta ɗauko cokali a kwandon wanke-wanke, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ce aaa. Yauwa. Kwanta. Kai ma ce aaa. Ba na son surutu."

Ubanta ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ga Gwaggonta sak."

Maman Aku ba ta yi dariya ba. Bayan yarinyar ta fita tsakar gida ta ce masa, "Baban Aku, ka lura sai ranar da ba ta je ba take zama mutum?"

"Me kike nufi?"

"Ban sani ba. Amma hankalina bai kwanta ba."

"Ki iya bakinki. Yaya ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ga ni nan, me ya same ni? Mace ta ɗauke miki nauyi kyauta, ke kuma kina neman laifinta."

Ta nemi wani wurin a ɓoye. Na hukuma suka ce babu gurbi, ta dawo wata shekarar. Na masu zaman kansu kuwa ko a mafarki ba na irinta ba ne. Ta roƙi shugaban ma'aikata ya bar ta ta riƙa zuwa da yarinyar, ya nuna mata injina da tururi ya ce, "A ina za ki ajiye ta? Cikin kwandon tawul?" Tana cikin wannan neman ranar nan ta zo.

Rana ɗaya Yaya ta rufe gidan reno, ranar da aka kai Aku. Kashegari ta buɗe, ta ce iyaye suna da aiki, ba za a haɗa su da hukuncin Allah ba. Masu gaisuwa suna ta shigowa ɗakin Maman Aku, kowa da maganarsa ɗaya: kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri. Ita dai tana zaune jikin bango tana amsawa da ka.

Ana cikin zaman ne wata mai sayar da tikiti a tashar mota ta shigo da yamma. Daga aiki ta biya ta ɗauko ɗanta a gidan Yaya, ta ce ba za ta wuce ba ta yi gaisuwa ba. Yaron yana saɓe a kafaɗarta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Za ta gyara zani, sai ta miƙa wa Maman Aku shi. Kansa ya faɗo a ƙirjinta, bakinsa a buɗe.

Ƙamshin nan ne. Shi ne, babu ko tantama. Ta juya wuyan rigarsa, ga jan tabo.

"Kin ba shi alewa ne?"

"Ni? Ina na gan shi tun safe? Haka yake dawo mini kullum, yana wari kamar kantin magani. Amma dai ba ya ba ni wahala, sai barci."

Washegari da rana ta kusa tsaka, Maman Aku ta yafa gyale ta fita, masu gaisuwa suna tambayar ina za ta. Ba ta bi ta ƙofar gaba ba, ta san a kulle take. Ta zagaya ta lungu ta tura ƙofar baya, wadda 'yan gida suke bi. Ta ratsa kicin, ta wuce igiyar shanya, ta tsaya bakin ɗakin masu tatata.

An zaunar da su a jere jikin bango, ƙarƙashin raƙumin dawa. Baba mai reno tana durƙushe da babbar kwalba a hannun hagu, cokali a dama. Ba ta ko yi musu magana, da ta matso sai yaro ya buɗe baki da kansa. Waɗanda aka riga aka ba suna kwance a tabarma, wani ko takalmi ba a cire masa ba. Maganin tari ne, irin mai sa barci. Babu mai tari a ɗakin.

Maman Aku ta miƙa hannu ta zare kwalbar. Baba mai reno ta ɗago, ta ga ko wace ce, sai cokalin ya faɗi.

"Nawa kika ba Aku?"

"'Yata, ni aiki aka sa ni."

"Baba, nawa kika ba ta?"

"Ɗaya. Wallahi ɗaya, kamar kowa. Ita ce ba ya kama ta da wuri. Ranar nan ta tashi ta bi ta baya tana waƙa, ga baƙi sun zo duba wuri. Uwar ɗakina ta ja ta ɗakinta. Ni ban san ta ƙara mata ba sai daga baya. Ita ma ba ta tambaye ni ko na ba ta ba."

"Ranar nan kaɗai?"

Dattijuwar ta sunkuyar da kai. "Yaran mutane kowa yana ɗakinsa, hannu ɗaya ke ba su. Ita kuwa tana gaba tana baya."

Sai ga Yaya ta fito daga ɗakin jarirai. Ta dubi kwalbar, ta dubi matar ƙanenta, ta rage murya.

"Ajiye wannan, mu shiga ciki mu yi magana irin ta manya."

"A nan za mu yi ta. Ai ba za su farka ba."

"Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Hannu nawa gare ni? In ɗaya ya fara kuka duk sai su ɗauka. In ƙara ma'aikata, iyayen nan za su iya? Su fa ke roƙona in karɓi 'ya'yansu. Ki zagaya ki gani, ni kaɗai ce? Kuma shekara nawa ina yi, wa ya taɓa mutuwa?"

"Aku."

"Aku kwananta ne ya ƙare. Kina ja da ikon Allah ne?"

"Allah bai riƙe cokali ba, Yaya. Ke kika riƙe. Kuma da likita ya tambaya, ba ki ce kwana ba ne, cewa kika yi ko ɗigo."

Ta sa kwalbar cikin gyale ta fita ta inda ta shigo.

Kafin ta isa gida waya ta riga ta. Ta tarar da Baban Aku zaune a bakin gado, rigar Aku tana kan cinyarsa, wadda aka cire mata a asibiti. Ta ajiye kwalbar a gabansa, ta buɗe murfin. Bai taɓa ba. Ta ga hancinsa ya motsa, ta ga ya dubi wuyan rigar, ta san ya gane.

Sai ya ce, "In kin fasa wannan maganar, Aku za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba."

"To me za ki samu? A kama Yaya, a ce matata ce ta kai ta? Da wane ido zan dubi dangi? Ta yi kuskure, ta yi kuka, ta ce za ta daina. Ki bar shi a cikin gida."

"Yau na same su suna bayarwa. Ko sati ba a yi ba."

"Ita ta rene ni."

"Da cokali ta rene ka?"

Ya miƙe tsaye. Ta zaci marinta zai yi, amma sai ya ce, "In kika fita da kwalbar nan, kada ki dawo mini ɗaki."

Ta rufe murfin, ta karɓi rigar daga hannunsa, ta haɗa su a jaka ɗaya.

La'asar ta yi mata a ƙofar gidan reno, lokacin da iyaye suke taruwa. Ba ta yi ihu ba. Duk wadda aka miƙo wa ɗanta sai ta matsa kusa, ta buɗe kwalbar ta ce, "'Yar uwa, shinshina wannan, sannan ki shinshina bakin ɗanki." Mai tikiti ce ta fara. Ta shinshina, ta shinshina, sai ta zauna a ƙasa da yaron a hannu. Wasu suka yi cirko-cirko. Wata kuwa, mai aikin shara a banki, ta ture hannunta.

"Ke kin rasa taki, so kike mu rasa aikinmu? In aka rufe nan, gobe a kanki zan ajiye shi?"

"Ban san inda za ki ajiye shi ba," in ji Maman Aku. "Ni ma na nema ban samu ba. Amma na san inda na ajiye tawa yanzu."

Matar ta juya ta tafi, amma kafin ta sha kwana an ga ta sunkuya kan fuskar yaron.

Ofishin da ke kula da gidajen reno yana hawa na biyu, a wani dogon gini mai benci a baranda. Jami'ar da ta saurare ta ta yi mata gaisuwa, sannan ta ce sun san gidan, suna zuwa dubawa, kuma ba su taɓa samun wuri mai tsafta da natsuwa kamarsa ba.

"Da wane lokaci kuke zuwa?"

"Da safe. Mukan sanar kafin mu zo."

"Da safe ai waƙa suke yi. Ki zo da rana tsaka, kada ki sanar. Ki bi ta lungu, ni zan nuna miki ƙofar."

Jami'ar ta ce ba haka tsarin yake ba, sai an rubuta, sai an sa hannu, ga ƙarancin mota. Maman Aku ta ce to. Washegari ta dawo ta zauna a bencin da jakarta a cinya. Ta sake dawowa, ta kuma dawowa, har masu shara suka san ta, har aikin gugar ya kusa kuɓuce mata. Ranar da mai tikiti ta zo ta zauna kusa da ita, da wasu mata biyu da yaransu a baya, jami'ar ta fito ta dube su, ta koma ta ɗauko jakarta ta ce, "Mu je. A motar haya ma."

Yaya ta sayi sabuwar kwalba. A hannunta aka same ta.

An rufe gidan. An yi ta kai da kawo, aka kira likitan nan ya faɗi abin da aka gaya masa. Dangin miji suka ce Maman Aku ta tozarta zuri'a, ta ci amanar wadda ta yi mata alheri. Har yau in sun haɗu a hanya sai su tsallaka titi. Wasu daga cikin iyayen ma sun daɗe ba sa gaishe ta, don sun sha wuya kafin su samu inda za su kai yara, wata har aikinta ta rasa. Baban Aku bai aiko mata da takarda ba, bai kuma zo biko ba. Sau ɗaya ta hango motarsa tsaye nesa da gidan wanki, ya daɗe a ciki, sannan ya ja ya tafi. Ita ma ba ta bi shi ba.

Ba ta ce ta yi nasara ba. Masu cewa ta bar wa Allah, takan ce musu ta bar masa, amma shi ya ba ta hanci da baki. Abin da ta sani shi ne, alheri aka kira shi, 'yar gida aka kira ta, kuma da waɗannan sunaye biyu aka rufe wa kowa baki har yarinyar ta yi shiru. Duk wanda ya yaba gidan yara don ba a jin motsinsu, bai tambayi abin da ya kamata ya tambaya ba.

Tana nan a gidan wanki, a kan teburin gugarta. Ta kama ɗaki ita kaɗai. Bayan gidan wankin, in ka bi ta wajen masu gyaran babur, akwai wani gidan reno mai shuɗiyar ƙofa. Ba ta san mai shi ba, ba ta da kowa a ciki. Kullum in an ba su hutun cin abinci da rana, sai ta ɗauki kwanonta ta je ta zauna a kan dakalin da ke jikin katangarsa. Tana ci tana kasa kunne. Sai ta ji wani ya tsala kuka, wata ta ƙi kwanciya, mai reno tana cewa don Allah ku yi shiru, sannan ta rufe kwanon ta koma bakin aiki.